Zobe a Gurbin Lamba Goma

"Ba zan huda ba."

Haka na ce masa, a gaban Baba, a gaban Dogo mai walda, a gaban foman ɗin da ya biyo shi daga wurin gini. Ko muryata ban ɗaga ba. Da ma ihu na yi, wallahi da abin ya zo da sauƙi, don ihu ana yinsa a manta. Ni kuwa a hankali na faɗa, har da ɗan murmushi.

"Malama, ba shawara nake nema ba," in ji shi, yana duba agogon hannunsa. "Gobe da safe za a zo duba aikin nan. Ga bit na kawo, sababbi dal. Ki huda kawai."

Ki huda kawai. Jama'a, ku riƙe kalmomin nan uku, su suka kawo ni inda nake yau.

Bari in ɗan ja baya saboda waɗanda yau suka fara karanta ni. Mu huɗu ne a wurin Baba, ni kaɗai na bi shi shagon ƙarfe. Shekara huɗu na yi a kwalejin koyon sana'a, aji guda da maza arba'in da ɗaya, kuma ni na fito ta farko. Ba na faɗa don yabon kai ba. To, ƙarya nake, don yabon kai nake faɗa, kun riga kun san halina. Na sha dariyar 'yan aji, na sha habaicin maƙwabta, na sha ƙunar tartsatsi a wuyan hannu, ban taɓa yi wa kowa kuka ba. In Baba ya ji daɗina ya kira ni Injiniya. Umma kuwa Sarkin Gardama take ce mini tun ina firamare.

Shi kuma wanda zan aura, taswirar gidaje yake zanawa a wani kamfanin gine-gine. Ranar da na fara ba Umma labarinsa na ce mata mai zane ne, sai ta ɗaga hannu sama ta ce, "Alhamdulillahi, mun huta da sayen abin ɗaurawa!" Tun daga ranar sunansa ya zama Mai Zane a gidanmu, haka ma na ajiye shi a waya. A shago muka haɗu. Ya kawo zanen wata ƙofa da ya sa mata maƙalai a gefen da ba za ta buɗu ba, na ja shi gefe na nuna masa. Ya yi dariya har da riƙe ciki, ya ce, "Malama, ki riƙa gyara mini har ƙarshen rayuwata. Amma daga ni sai ke." Na ce na ji. Ashe ban ji ba.

A ranar da nake ba ku labari, saura sati bakwai aurenmu.

Aikin kansa ba wani babba ba ne, amma shi ne na farko da Manajansu ya damƙa masa shi kaɗai: ƙarfen dafawa na matakalar wani bene mai hawa uku. Fileti, wato ƙananan fallayen ƙarfe, ashirin da huɗu za a kafa a bango su riƙe shi, kowanne faɗin tafin hannu biyu, kowanne da rami huɗu, faɗin milimita goma. Matsalar ita ce na sitenles ne, farin ƙarfen nan da ba ya tsatsa, wanda mutane ke ce wa silba. Shi wannan ƙarfe yana da wani hali. In ka zo masa da gudu, bit yana gogarsa ba ya yanka, sai wurin ya ɗau zafi ya taurare, ya fi yadda yake a da tauri nesa ba kusa ba. Daga nan ko me ka kawo, kuka kawai zai yi maka.

Bit, ga wanda bai sani ba, shi ne ɗan murɗaɗɗen ƙarfen da ake ɗaura wa bakin injin huda. Wanda ya fi dacewa da sitenles shi ne mai haɗin kobal, don yana jure zafi. Ina da akwatinsu guda, kowace lamba da gurbinta, amma lamba goma ta riga ta ƙare da wasawa. Na yi odar sabuwa, aka ce sai Alhamis. Ranar kuwa Talata ce.

A wannan gurbin na lamba goma nake ajiye zoben da ya ba ni. Kullum da safe, kafin in kunna inji, sai in cusa bakin hijabina cikin wuyan rigar aiki in ɓalle maɓalli har sama, in cire zobe in sa a can. Inji ba ya da dangi, in ya kama zobe da yatsa yake tafiya. Ya taɓa gani ya ce, "Au, ni ma kayan aiki ne ke nan?" Na ce, "Kai ne lamba goma, wadda aka fi nema a shagon nan." Sati guda yana maimaita maganar a waya.

To, ranar Talata da hantsi sai ga shi, cikin riga ruwan sararin samaniya wadda ta sha guga, takalmi yana ɗaukar ido, ƙamshin turarensa ya danne warin walda. Ya ajiye wani akwati a kan teburina ya buɗe shi kamar mai buɗe kyautar amarya. Bit ne a jere, dukkansu ruwan gwal, sai ƙyalli suke.

"Mai shagon ya ce babu ƙarfen da ba sa ci," in ji shi. "Su ne na ƙarshe a kasuwa."

Ina ɗaukar guda na ji abin da na ji. Akwai masu ruwan gwal na gaske, ba na musu, amma waɗannan fenti ne kawai aka shafa wa ƙarfen banza. A nan ne ya kamata in ce, zo mu je waje in nuna maka wani abu. Taku biyar ne tsakanin teburina da ƙofa. Amma ya riga ya ce ki huda kawai, ya faɗa da muryar da yake yi wa leburori magana, kuma na ga Dogo ya ɗaga gilashin waldarsa yana kallonmu.

Sai na ɗauko magagari.

"Foman, matso ka gani, kai ma ka ƙaru," na ce. "Bit na gaske, in ka goga masa magagari zamewa yake yi, don ya fi shi tauri."

Na goga sau uku. Magagari ya ci shi kamar sabulu, ruwan gwal ɗin ya zube a tafin hannuna, baƙin ƙarfe ya leƙo.

Dogo ya fashe da dariya. "Yallaɓai, wannan ai sai dai a ba amarya ta yi 'yan kunne!"

Foman ya sunkuyar da kai, amma kafaɗunsa suna rawa. Ni kuma, maimakon in tsaya a nan, sai na ɗora. Na ce, "A satin farko ake koya mana wannan. Ka ga, takarda ba ta gardama, shi ya sa kuka saba. Ƙarfe kuwa sai an san shi."

Ban taɓa ganin fuskarsa haka ba. Bai yi fushi irin na hayaniya ba, fuskar ce kawai ta rufe, kamar an ja ƙofar shago. Ya cire agogo ya sa a aljihu, ya naɗe hannun riga, ya ɗauki injin huda na hannu da ke rataye a bango.

"Ɗana, dakata," in ji Baba, yana miƙewa daga kan bencinsa. "Ba haka ake..."

"Baba, ƙyale shi," na ce. "Ai ba shawara yake nema ba."

Baba ya dube ni, kallon da har yanzu nake ji a bayan wuyana. Shi mutum ne da ba ya iya tsayawa ya ga ana kunyata babba, balle wanda zai zama surukinsa. Ya ɗauki hularsa ya fita ta ƙofar baya.

Masu karatu, duk abin da ake cewa kada a yi, sai da ya yi shi a gabana. Bai buga ɗigo da tsinin ƙarfe da guduma ba don bit ya sami wurin zama, saboda haka bit ya yi ta yawo a kan fileti yana zana masa tsage. Bai fara da ƙaramin rami ba. Bai matse filetin a jikin tebur ba, da takalminsa mai ƙyalli ya take. Ko ɗigon mai bai sa ba. Ya danna inji har ƙarshen gudunsa, wuri ya cika da wani irin kuka mai shiga haƙori. Na ga bakin bit ya koma ruwan ƙasa, ya koma shuɗi, hayaƙi ya tashi. Ya cire ya sa wani. Da ya ga rami ya ƙi ci, sai ya zaci wannan filetin ne mai taurin kai, ya ture shi ya jawo na gaba. Da lamba goma ta mutu ya koma tara da rabi, ya koma tara.

Ni kuwa na harɗe hannu a ƙirji ina ƙirgawa. Ɗaya. Biyu. Biyar. Kowanne da baƙin tabo a inda ya taurare. Gilashin kare ido yana kan goshina, ban miƙa masa ba. Jira nake ya juyo ya ce, Malama, yaya ake yi? Kalma huɗu kawai nake jira.

A fileti na tara bit ya karye. Guntun ya yi tsalle ya same shi a kumatu, ƙasa da ido da faɗin yatsa ɗaya. Sai a lokacin ƙafata ta motsa. Na zaro hankici na kai hannu, ya kauce.

"Bar shi," ya ce. "Kin gama koyarwa?"

Jini ya ɗiga a kan rigar nan mai guga. Ya ajiye inji a hankali, ya fita, foman ya bi shi da gudu. Dogo ya sauke gilashinsa ya koma walda.

Ranar na kira shi sau shida bai ɗauka ba. Washegari Laraba, bayan azahar, ina zaune a ɗakinmu kan katon ɗin kwanukan da Umma ta tara mini, saƙonsa ya shigo. Babu sallama, babu Malama.

"Na gaya wa Manaja ƙarfen da aka kawo mana ba mai kyau ba ne, shi ya sa ya ƙi huduwa. Ya ɗaga dubawa zuwa Litinin. Yana son takarda daga shagonku, da sa hannunki, tunda ke ce mai takardar shaidar sana'a. Ga ta nan na rubuta."

Na buɗe takardar. Layi huɗu ce. Ta ce an gwada ƙarfen an same shi gauraye, bai kai ingancin da aka nema ba, kuma ana ba da shawara a daina karɓar kaya daga wanda ya kawo shi.

Wanda ya kawo shi kuwa Tsoho Mai Ƙarfe ne. Tun kafin a haife ni yake kawo wa Baba kaya. Duk unguwar masu walda an san in ya ce maka ƙarfe kaza ne, to ba sai ka gwada ba. Ba shi da babban shago, ba shi da allon talla, sunan nan shi ne abin da ya mallaka.

Na rubuta: "Ƙarfen lafiyarsa ƙalau."

Ya rubuto: "Na sani."

"To ta yaya zan sa hannu?"

"Kamar yadda kika iya tsayawa kina kallo."

Na ajiye wayar a kan katon.

Ban san yadda maganar ta isa kunnen Yaya, babbar yayata, ba, ina jin ƙanwar Mai Zane ce ta kira ta. Kafin la'asar sai ga ta a gidanmu, ko mayafi ba ta cire ba ta wuce ɗakin Umma. Aka aiko a kira ni. Umma tana zaune a gaban keken ɗinki, labulen ɗakina na aure a kan cinyarta, ruwan toka, wanda ni na zaɓa da kaina bayan mun zaga shago bakwai.

"Sarkin Gardama," ta ce, "zauna. Takarda ce fa kawai."

"Umma, ƙarya ce a ciki."

"Ke ce alƙali? Tsohon nan kamfani nawa yake kai wa kaya? In ɗaya ya bar shi, mutuwa zai yi?"

"Magana ba ta tsayawa a kamfani ɗaya, Umma. Kafin sati ta zaga gari."

Yaya ta tafa hannu. "Oh, yanzu kika san magana tana zaga gari? Da kika mai da yaron mutane abin dariya a gaban leburansa ba ki sani ba? Ke wai me ya sa komai sai kin ci? Tun muna yara haka kike, ko wasan ɓuya aka yi sai kin kawo doka. An kai katin gayyata wurin bugawa, an ɗinka kaya, ke kina nan kina kare martabar guntun ƙarfe!"

"Ba ƙarfe nake karewa ba, mutum ne."

"Shi wanda za ki aura fa, itace ne?"

Umma ta cire tabarau ta goge ido da gefen labulen. Muryarta ta sauko, kuma wannan ya fi faɗan Yaya zafi. "'Yar nan, na tsaya miki lokacin da dangi suka ce mace ba ta shiga shagon ƙarfe. Na tsaya miki da kika dawo da ƙuna a hannu. Ban taɓa roƙonki komai ba. Yau ina roƙonki. Ki rufa wa mijinki asiri."

Wallahi da alƙalami yana kusa a lokacin, ban san abin da zan yi ba. Na ce, "Umma, ki yafe mini. Ba zan sa ba." Na tashi na fita kafin hawaye su ci amanata.

A tsakar gida na tarar da Baba a kan kujerarsa ta ƙarfe, wadda ya ƙera tun yana saurayi, yana gyara maɗaurin rediyo. Na durƙusa kusa da shi, ina jiran ya ce na yi daidai. Ai shi ya koya mini cewa ba a yi wa ƙarfe ƙarya.

Bai ɗago ba. Ya ce, "Durowa ta biyu, ƙarƙashin teburina. Me ke ciki?"

Na kau da kai ina kallon rediyon.

"Ina tambayarki."

"Baƙaƙen bit ne, Baba."

"Lamba goma nawa?"

"Uku."

"Suna cin sitenles ko ba sa ci?"

"Suna ci. In an bi a hankali, da mai, ana wasawa."

"Kin san da haka jiya da hantsi?"

Jama'a, ga abin da ban gaya muku ba tun farko, don ina so ku ɗan tsaya a bayana kafin ku sani. Na sani. Tun lokacin da ya buɗe akwatin nan mai ƙyalli na tuna da durowa ta biyu. Tsofaffin bit ɗin Baba ba su kai kobal ba, amma na gaske ne. Da na rage gudun injin huda na tsaye, na zauna a kansu, da kafin magariba na gama masa ramukansa casa'in da shida, ya kai aikinsa a kan lokaci. Ban faɗa ba saboda bai roƙe ni ba. Umarni ya ba ni.

"Ban ce ki sa hannu ba," in ji Baba. "In kika sa, kada ki ƙara taka mini shago. Amma ki sani, ke kika tsaya kina kallo har ya kai inda yake buƙatar ƙarya. Na koya miki a bi ƙarfe a hankali, a sa masa mai, a ba shi wurin zama kafin a danna. Na zaci kin gane ba ƙarfe kaɗai nake nufi ba."

Bai kira ni Injiniya ba. Bai kira ni da komai ba.

Ranar Alhamis na riga kowa zuwa shago. Na cusa hijabi, na cire zobe na sa a gurbinsa, na buɗe durowa ta biyu. Na sauya bel ɗin injin tsaye zuwa mafi ƙarancin gudu. Na auna fileti goma sha biyar da suka tsira, na buga wa kowane rami ɗigonsa, na matse na farko a tebur. Na fara da lamba huɗu, sannan goma. Ɗigon mai, dannawa daidai ba sassautawa, ba gaggawa. Ɓarɓashin ya riƙa fitowa a murɗe, dogo, fari tas, alamar bit yana yanka ba gogawa yake ba. Duk rami biyar ko shida in cire in wasa baki. Babu kuka, babu hayaƙi. Kowane rami da ya ɓulle sai in ji kamar a ƙirjina aka huda, don yana nuna mini yadda abin yake da sauƙi.

Da azahar aka kawo kobal ɗin da na yi oda. Na gwada shi a kan guda taran da suka ƙone. Ko shi, da ya taɓa baƙin tabon nan sai ya fara kuka. Na juya su ta baya, na lallaɓa, na ceto huɗu. Biyar sun tafi, wurin ya riga ya taurare, ba abin da zai ƙara shiga.

Ba a yi awa guda ba sai ga Tsoho Mai Ƙarfe a bakin ƙofa, da wani abu naɗe cikin buhu a hammata. Ashe da Baba ya ga waɗanda suka lalace ya aika masa cewa muna neman fileti biyar, bai gaya masa dalili ba.

"'Yata ta kaina!" ya ce, yana haki. "Da kaina na yanko miki, daga falle ɗaya da na farko, don kada launi ya bambanta. Sitenles ya yi muku gardama ko? Haka yake, sai da lallashi." Ya leƙa bayana. "Ina angon namu? Ki gaya masa na ajiye muku wani bututu mai kyau, in kun tare ku yi abin shanya da shi. Ba ya tsatsa, har jikokinku."

Na ce, "Zai ji, Baba Tsoho. Allah ya saka da alheri." Na juya na yi kamar ina neman gwangwanin mai.

Kafin la'asar ta yi sanyi na jera fileti ashirin da huɗu a kan tebur, rami casa'in da shida, na goge bakin kowanne har ba ya kama yatsa. Na ɗauki hoto na tura masa. Na rubuta na goge, na rubuta na goge, sannan na tura wannan:

"Ga aikinka ya kammala. Takardar can ba zan sa mata hannu ba. Amma zan rubuta wata, in ce na san yadda za a huda tun ranar Talata na ƙi faɗa, jinkirin daga wurina ne. Wannan gaskiya ce, kuma zan faɗe ta a gaban Manaja in kana so. Abin da na yi maka a gaban mutane ban kyauta ba. Ka yi haƙuri. Yaya kumatun?"

Tunda nake, ban taɓa rubuta wa wani mahaluki ka yi haƙuri ba. Na ga alamar ya karanta. Na ga yana rubutu, ya tsaya, ya sake farawa, ya tsaya. Na zauna a kan bencin Baba da waya a hannu, mai ya ɓata gilashinta.

Amsar ta zo bayan minti arba'in.

"Takardarki za ta wanke ki, ta wanke tsohon, ni kuma ta nuna na yi wa Manaja ƙarya. Ko a ban haƙurinki ke ce kike fita da gaskiya. Gobe da ƙarfe tara za a zo ɗaukar fileti. In ba ki haɗa da takardar da na turo ba, ki haɗa da abin da ke gurbin lamba goma."

Na karanta sau uku. Bai ma ce zobe ba. Da maganarmu ta wasa ya yanke ni.

Na buɗe akwatin. Sabon kobal lamba goma yana hannuna na dama, zoben yana kwance a gurbinsa. Sai yau na lura gurbin ba ya ɗaukar abu biyu.

Na san wasunku za su ce in sa hannu, tsoho ai ya ci zamaninsa. Wasu za su ce in rabu da shi, namijin da zai nemi ki yi ƙarya ba miji ba ne. Ku da ba ku san shi ba ke nan. Mutumin nan shekara biyu yana tsayawa a ƙofar shago da ruwan sanyi yana jiran in gama aiki, bai taɓa cewa hannuna ya yi kaushi ba. Abu ɗaya ya roƙe ni tun ranar farko, daga ni sai ke, shi ma na kasa. Na zo masa da gudu, babu mai, na yi ta gogawa a wuri ɗaya a gaban jama'a. Yanzu na kawo lallashin da ya kamata in fara da shi, wurin ya ƙi karɓa.

Ban san wanda zai zo gobe da ƙarfe tara ba. Wataƙila foman ne, wataƙila shi da kansa, da filasta a kumatu. Na naɗe fileti cikin buhun da Tsoho ya kawo. Takardarsa na fitar da ita a shagon buga takardu, na ninke, tana cikin aljihun rigar aikina, babu sa hannu, kuma haka za ta kwana ta tashi.

Ƙin da na yi ranar Talata girman kai ne, kuma da za a dawo mini da wannan hantsin da na ja shi waje taku biyar. Ƙin da nake yi yau kuwa ba zan janye shi ba, ko da na farkon ne ya haife shi. Ga abin da ya ci mini: Umma ta ninke labulen ta sa a ƙasan akwati, ba ta ƙarasa ɗinkin ba. Yaya ta kira masu buga kati ta ce su dakata. Baba yana amsa gaisuwata, amma bai ƙara ce mini Injiniya ba. Mutumin da nake so kuma ya aiko a karɓi zobensa. Sunan Tsoho Mai Ƙarfe yana nan da tsabtarsa, shi bai ma san an taɓa shi ba. Ni ce na biya, kuma rabin abin da na biya, ni na jawo wa kaina.